Da tsohuwar zuma ake magani: zare kan yadda muke ajiye manhajoji

1/
Jama'a, akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka wayewa ce alhali asara ce: da zarar sabuwar sigar manhaja ta fito, sai a goge tsohuwar. Ni a ganina, a wuri irin Buji, tsohuwar siga dukiya ce, kuma rashin tsara ajiyarta na ci mana kuɗi da lokaci, wani sa'in har da sirrinmu. Zare ne dogo, a gyara zama 🧵

2/
Mu fara da tambaya: daga ina mutanenmu suke samun manhaja? A Gantsa, Birnin Kudu, har cikin Dutse, da yawa ba daga Play Store ba ne. Shagon masu turi ne. Ka miƙa waya ko memori, a zuba maka fim, karatu, waƙa da manhaja. Sauran kuma Xender ne, daga wayar aboki zuwa taka.

3/
To leƙa foldar manhajoji a irin waɗannan kwamfutoci. Abin da za ka gani:

whatsapp new.apk
whatsapp new 2.apk
whatsapp latest original.apk
wanda yake yi.apk

Ka tambaya wanne ya fi sabunta, daga ina aka sauke shi, wace waya yake hawa? Amsar dai ɗaya ce: "bari mu gwada mu gani."

4/
Ba zagin yayyenmu masu turi nake yi ba fa. Su ne suka cike giɓin da raunin netwok da tsadar data suka bari. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk wanda ya rage wa talaka sayen data, aiki yake yi.

5/
Kuma mu ɗalibai ba mu fi su ba. Filashin da ke yawo a hostel lokacin furojet ya ishe ka misali: "setup.exe", "setup (1).exe", "SPSS final". Mutum goma sun kwafa, babu wanda ya san asalinsa. Muna karanta kwamfuta, amma ajiyarmu kamar buhun da aka haɗa gero, dawa da wake wuri guda.

6/
Me ya sa na nace a kan tsofaffin sigogi? Saboda na'urorinmu tsofaffi ne. Yawancin laftof ɗin da ɗalibi ɗan ƙauye zai iya saya na hannu ne, wanda wani ya gama mora a Turai ko Amurka. Har yau akwai masu Windows 7 a cikinmu, duk da Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020.

7/
Ga abin da hakan ke nufi a aikace. A kan Windows 7:

Chrome ya tsaya a siga ta 109
Firefox ya tsaya a 115
Python ya tsaya a 3.8

Duk abin da ya haura wannan ba zai hau ba. Mai irin wannan laftof in ka ba shi "latest", ka ba shi takalmin da ba ƙafarsa ba.

8/
Layin kuma bai ƙare ba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 ce Microsoft ya sa a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma tsofaffin laftof da yawa ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. Ma'ana, abin da ya samu mai Windows 7 jiya shi ke jiran mafi yawanmu gobe.

9/
Haka abin yake a waya. Tsoho a Kukuma ko Ahoto yana da ƙaramar Android mai RAM 1GB, tana karanta masa littafi, tana kunna masa karatu, lafiya lau. Yaro ya zo ya "sabunta" masa. Sabuwar sigar ta fi ƙarfin wayar, ta fara tsayawa. Play Store kuwa ba ya ba ka zaɓin komawa baya.

10/
Idan shagon unguwa ya goge tsohuwar sigar, shi ke nan. Zaɓin da ya rage wa bawan Allah shi ne ya haƙura ko ya sayi wata wayar. Buhu nawa na gero ne kuɗin waya yanzu? A kan fayil ɗin da bai kai MB 30 ba, wanda ajiye shi bai ci wa kowa komai ba.

11/
Ɓangaren karatu kuma: ka rubuta furojet da wata siga ta manhaja, bayan shekara biyu ƙaninka ya ɗauko aikin zai ɗora a kai, ya ƙi tashi. Misali sananne, Python 2 da aka rufe tallafinsa ranar 1 ga Janairu, 2020. Lambobin da aka rubuta da shi da yawa ba sa gudana a Python 3 sai an gyara.

12/
Shi ya sa masu bincike na gaske suke rubuta lambar sigar da suka yi aiki da ita a cikin rahotonsu. Sakamakon da ba za a iya maimaitawa ba, rabin ilimi ne. Kuma ba za ka maimaita ba in kayan aikin da aka yi shi da su sun ɓace.

13/
Yanzu ga wani abu da ke rikita masu turi kullum. Manhaja ɗaya, siga ɗaya, amma tana iya zuwa kala biyu: armeabi-v7a na wayoyi masu tsarin 32-bit, da arm64-v8a na masu 64-bit. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa 32-bit suke. In ka zuba musu na 64, sai ka ga "App not installed".

14/
Sai mutum ya ce wayar ce ta lalace, ko memori ne ya cika, ko bairos ne. A goge hotuna, a goge bidiyon biki, wani har filashin ɗin wayar za a yi. Alhali da an rubuta v7a ko v8a a jikin sunan fayil ɗin, da magana ta ƙare cikin minti ɗaya.

15/
Ƙari a kan haka, tun Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji tsarin App Bundle. Wato Play Store yana yanka manhajar gunduwa-gunduwa, ya aiko wa kowace waya yankin da ya dace da ita. Abin da ke wayar abokinka an ɗinka shi ne daidai jikin tasa wayar.

16/
Shi ya sa wani lokacin za ka karɓi manhaja ta Xender ta ƙi hawa, ko ta hau tana buɗewa tana rufewa. Ba aljanu ba ne 😅 gunduwa ɗaya ka karɓa, ko wadda ba ta wayarka ba. Ma'ajiya mai tsari za ta ajiye cikakken fayil, ta kuma rubuta wayoyin da aka gwada shi a kai.

17/
Na san abin da 'yan ajinmu masu son tsaron intanet za su ce: "Malam, tsohuwar siga ƙofar ɓarayi ce. Ana sabuntawa ne don toshe ramukan da 'yan kutse suka gano." Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma bai nuna a goge komai ba. Abin da ya nuna shi ne a rarrabe.

18/
Ga yadda nake ganin rabon, gida uku.

Gida na farko: manhajojin da ke aiki ba tare da intanet ba. Mai kunna bidiyo, mai buɗe PDF, ƙamus, kalkuleta, manhajar zane ko lissafi. Haɗarin tsohuwar sigarsu ya fi sauƙi, amfaninta kuma babba. Waɗannan a ajiye su da kyau.

19/
Gida na biyu: masu hulɗa da intanet kai tsaye, kamar burauza. A ajiye siga ta ƙarshe da ke hawa tsohuwar na'ura, amma da jan rubutu a jiki: "Wannan ba ya samun gyaran tsaro. Kada a shiga banki da shi." Mutum ya san abin da ya ɗauka, ya yanke wa kansa hukunci.

20/
Gida na uku: duk abin da ya taɓa kuɗi. Manhajar banki, OPay, Moniepoint, PalmPay da ire-irensu. Waɗannan kada su shiga ma'ajiyar kowa, sabo ko tsoho. Kada ka karɓe su ta Xender ko daga uban ɗakinka ne. Play Store kawai. Datar da za ka kashe ba ta kai abin da ke asusunka ba.

21/
WhatsApp ma tara tsofaffinsa ɓata wuri ne, domin sigoginsa suna da wa'adi, in ya cika sai sun tilasta maka sabuntawa. Kuma tun 24 ga Oktoba, 2023 ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0. Manhajar da ranta ke hannun sabar kamfani, ajiyarka ba za ta raya ta ba.

22/
Sannan masu cewa "sabo shi ne lafiya", ku tuna CCleaner. A 2017 'yan kutse suka cusa mugun abu a siga ta 5.33, aka rarraba ta daga hanyar kamfanin da kansa, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke. Da labari ya fito, tambaya ɗaya aka yi wa kowa: wace siga ce a kwamfutarka?

23/
Ka ga wanda ya san lambar sigarsa ya san matsayinsa nan take. Wanda fayil ɗinsa ke ɗauke da suna "cleaner new.exe" fa? Sai addu'a. Wannan shi ne gundarin maganata: haɗarin da ya fi girma yana cikin fayil ɗin da ba a san asalinsa ba, tsoho ne ko sabo.

24/
A cikin wannan duhun ne irin su GB WhatsApp suke samun wurin zama. Wani ne da ba ka sani ba ya buɗe manhajar ya sauya ta, kai kuma ka miƙa masa hirarka da hotunan iyalinka. Kamfanin WhatsApp ya sha gargaɗin cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su. A folda marar tsari, shi da na asali kamanninsu ɗaya.

25/
To yaya ake tsarawa? Ba ya buƙatar digiri. Doka ta farko, suna. Kowane fayil ya faɗi abu huɗu: sunan manhaja, lambar siga, na'urar da yake hawa, ranar da aka sauke. Misali:

vlc_3.0.20_win32_2024-03-10.exe

An haramta "new", "latest" da "final". Sabon yau tsohon gobe ne.

26/
Ku lura da yadda na rubuta kwanan wata: shekara, wata, rana. In ka yi haka kwamfuta da kanta za ta jera maka su daga na farko zuwa na ƙarshe. Kuma babu rikicin ko 03-10 na nufin 3 ga Oktoba ne ko 10 ga Maris, kamar yadda ake samu tsakanin salon Ingila da na Amurka.

27/
Wani tarko da ke kama mutane: tsakanin 2.9 da 2.10 wanne ne sabo? Da yawa za su ce 2.9, don a lissafin makaranta ya fi girma. A'a. Lambar siga ba desimal ba ce. Bayan tara sai goma, don haka 2.10 ne sabo. Mutum na iya goge sabon ya bar tsohon yana ganin ya yi gyara.

28/
Doka ta biyu, folda. Na'ura, sai manhaja, sai siga:

Windows / VLC / 3.0.20
Android / VLC / sigar kaza / v7a

Doka ta uku: ba a taɓa ɗora sabon fayil a kan tsoho. Sabuwar siga, sabuwar folda. Abin da ya shiga ma'ajiya ya zauna yadda ya shiga.

29/
Doka ta huɗu, rajista. Shafin Excel ɗaya ya isa, ko ma littafin awo irin na 'yan kasuwa. A rubuta: daga wane shafi aka sauke, wa ya sauke, yaushe, a kan wace na'ura aka gwada, me aka lura. Layi ɗaya kamar "yana tsayawa a wayar RAM 1GB" zai hutar da mutum ɗari.

30/
Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duba tsofaffin littattafan da malamanmu suka kwafa da hannu: a ƙarshe sau da yawa magatakardan yakan rubuta sunan littafin, sunan mawallafi, da nasa sunan. Don mai karatu ya san ta hannun wa abin ya biyo. Mu da muke da kwamfuta ne muka yar da wannan ladabin.

31/
Doka ta biyar, zanen yatsa. Kowane fayil yana da wata lamba mai harafi 64 da ake kira SHA-256. Ko ɗigo ɗaya aka sauya a cikin fayil ɗin, lambar za ta canza gaba ɗaya. A Windows, buɗe cmd ka rubuta:

certutil -hashfile sunanfayil SHA256

Sai ka gwada da wadda masu manhajar suka wallafa.

32/
Amfaninsa? A ranar 20 ga Fabrairu, 2016 an kutsa shafin Linux Mint, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na 17.3. Hanyar da aka ba mutane su gane ko nasu mai kyau ne ita ce gwada irin wannan lambar. A wurinmu ma tana kama fayil ɗin da bairos ɗin filashi ya taɓa a hanya.

33/
"To had dis ɗin ba zai cika ba?" Ba kowace siga za a tara ba. A ajiye: ta yanzu, wadda ta gabace ta, da ta ƙarshe da ke hawa kowace tsohuwar na'ura. Manomi ma ba duk amfanin gona yake ajiyewa a matsayin iri ba, zaɓa yake yi. Amma ba ya cinye irin saboda an kawo sabo kasuwa.

34/
Kuma kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Had dis na mutuwa ba sallama, balle da zafinmu da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi. Masana na cewa kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya a wani wuri dabam. In ɗaya na Dutse, ɗayan ya kwana a Gantsa.

35/
Maganar da ba a so: manhajar da aka fasa, wato kirak. Ma'ajiyar da nake nufi babu su a ciki. Na farko haƙƙin wasu ne, kuma akwai dokar haƙƙin mallaka. Na biyu, duk kirak sai ya ce ka kashe antibairos kafin ka saka. Wanda ya ce ka ɗaure karenka kafin ya shigo gidanka, me ya zo yi?

36/
Akwai na halal kyauta da lasisinsu ya yarda a kwafa a raba: LibreOffice a madadin Office, PSPP ko R don lissafin furojet, QGIS don taswira, GIMP don hoto, VLC, Zotero don jera manazarta, da Kiwix da ke buɗe Wikipedia ba data, har da ta Hausa. Waɗannan kaɗai sun isa a fara.

37/
Kada a ɗauka ni na ƙirƙiro. Ubuntu na da shafi na musamman na tsofaffin sigoginsa, kuma lambarsa ma kwanan wata ce: 24.04 na nufin Afrilun 2024. F-Droid na da rumbun tsofaffin sigogi. Internet Archive na ajiya tun 1996. A Faransa an buɗe Software Heritage a 2016 don adana lambobin manhajoji. Masu kuɗi ma ba sa zubar da tsoho.

38/
"Tunda suna intanet, me ya sa za mu wahala?" Saboda intanet ɗin ba kullum take ba. Ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, Afirka ta Yamma ta shiga wahala har da bankuna. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

39/
Ga kuma lissafi mai sauƙi. A ce fayil ɗaya MB 350 ne, ɗalibai 200 na buƙatarsa. In kowa ya sauke da kansa, GB 70 ke nan ta tafi a kan abu ɗaya. In mutum ɗaya ya sauke, ya tantance, ya ajiye, sauran su kwasa ta Wi-Fi na cikin gida ko filashi, MB 350 ce kawai.

40/
Abin da ke ba ni takaici shi ne Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, aka kafa Galaxy da makarantar Informatics ta Kazaure. Yau muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Masu ilimin suna nan.

41/
Don haka ba gwamnati nake kira ba a wannan karon. Mu nake kira, ƙungiyoyin ɗaliban kwamfuta da na ɗaliban ƙananan hukumomi. Tsohuwar kwamfuta ɗaya, had dis biyu, ƙaramar rauta, da mutum uku masu amana. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a rigunan bikin kammala karatu ba, wallahi.

42/
Sharaɗi biyu. Na ɗaya, bayanin kowane fayil ya kasance da Hausa, yadda mai shago a Gantsa zai karanta ya gane ba sai ya kira kowa ba. Na biyu, a riƙa miƙa ragama. Ɗan aji huɗu ya koya wa ɗan aji biyu kafin ya tafi bautar ƙasa. In ba haka ba, fasawod zai bi shi sansani.

43/
Masu turi kuma abokan aiki ne. In hutu ya zo, kowannenmu ya zauna da mai shagon garinsu awa biyu, a gyara sunayen fayil, a ware na banki da na kirak, a buɗe rajista. Shi ma ribarsa ce: kwastoma ba zai dawo yana faɗa wai an lalata masa waya ba.

44/
Kai da ke karantawa, ga aikin daren yau: buɗe foldar Download ɗinka, ɗauki fayil biyar, ka ba kowanne cikakken suna. Wanda ka kasa gano asalinsa, kada ka sake tura wa kowa. Masu shago da 'yan kwamfuta, ku faɗa mana a ƙasa wace tsohuwar siga aka fi nema a wurinku, mu fara jerin da ita. Allah ya sa mu dace 🙏